Sunaye Sun Tashi, Maki Ya Zauna

A wata makaranta da ke Mahuta akwai wata yarinya 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare. Hannunta yana da sauri a kan kwamfuta, har 'yan ajinsu suka sa mata suna Injiniya. Ba muguwa ba ce. Amma akwai ta da gaggawa, ga son a yaba mata.

Malam Bitrus ne yake koya musu kwamfuta. A wannan zangon yana koya musu jadawali, wato shafi mai ƙananan akwatuna, layi a tsaye, layi a kwance.

"Ku duba nan," in ji shi. "Sunaye a layin farko, maki a na biyu. Kowane suna da makinsa a gefensa. In za ku jera su, ku ja linzamin kwamfuta a kan duka biyun, sai sun yi shuɗi. Kun ji ko?"

"Mun ji, Malam!"

Injiniya ba ta ji ba. Tana can tana canza wa haruffa launi.

Ranar Laraba Malam ya miƙo mata wata takarda.

"Makin gwajin lissafi ne. Wanda ya fi kowa shi zai wakilce mu a gasar Sabon Tasha ranar Asabar. Shigar min da su, ki yi a hankali."

Ta zauna ta kama bugawa. Ta ga nata, sittin da ɗaya. Ta ga na Irene, ƙawarta da suke zama benci ɗaya, casa'in da huɗu. Babu wanda ya kamo Irene.

Da ta gama, sai ta ce bari ta burge Malam, ta jera sunayen daga A zuwa Z. Ta ja linzami a kan sunaye kawai. Kwamfuta ta fito da ɗan akwati tana tambaya da Turanci. Ko karantawa ba ta yi ba, ta zaɓi na ƙasa ta danna. Sunaye suka tashi suka sake wuri. Maki ya yi zamansa inda yake.

Ta buga a takarda ta kai. Malam ya yarda da ita, bai duba ba.

Washegari aka liƙa takardar a bangon aji. Yara suka yi caa.

"Kai! Injiniya, ashe har lissafin ma naki ne?"

Ta matso ta duba. Casa'in da huɗu a gaban sunanta. A gaban sunan Irene kuwa, talatin da takwas. Ta san ba haka ta gani jiya ba. Amma ana ta tafa mata, tafin kuma da daɗi. Sai ta yi shiru.

Irene ta zo ta riƙe hannunta.

"Barka, ƙawata. Ni fa na zata na ci. Har Babana ya nemi hutu a wurin aikinsu a Kudenda don ya zo ya gan ni."

Ta juya da sauri, don kada a ga idonta.

Da yamma Injiniya ta tarar da mamanta a kan keken ɗinki. Ta kasa zama wuri ɗaya. Ta kama jera yadukan mutane, ja da ja, kore da kore. Takardun da ke maƙale a jikinsu kuma ta cire ta tara gefe.

"Ke! Ajiye min!" in ji Mama. "Kowane yadi da takardar awonsa yake tafiya. Kika raba su, sai in ɗinka wa Hajiya Sadiya rigar da ko hannunta ba zai shiga ba. Wa ya aike ki?"

Sai yarinyar ta fashe da kuka. Ta faɗa mata duk abin da ya faru.

Mama ta tsayar da keke.

"Na farkon kuskure ne, kowa yana yi. Shirun da kika yi fa, shi ma kwamfuta ce ta yi miki?"

"A'a, Mama."

"To. Makin 'yar mutane ne a hannunki. Gobe ki mayar mata da abinta."

"Za su yi min dariya."

"Su yi mana. Dariya ta taɓa fasa wa wani kai?" Ta jawo ta, ta share mata hawaye da gefen mayafinta. "Tashi ki ci abinci, 'yar albarka."

Ranar Juma'a, kafin a fara darasi, Injiniya ta ɗaga hannu.

"Malam, makin nan ba nawa ba ne. Na Irene ne. Sunaye kawai na jera. Kuma tun jiya na gane, na yi shiru."

Malam ya ɗauko takardarsa ta asali ya duba.

"Gaskiyarki ce. Ni ma da laifina, ban duba ba. Amma yau ba ki da hutun tara. Za ki sake shigar da su tun daga farko."

Lokacin tara kowa ya fita, ita tana gaban kwamfuta. Sai ta ji an jawo kujera. Irene ce, da ƙullin gyaɗa a hannu.

"Ki yi haƙuri, Irene."

"Na haƙura. Amma talatin da takwas? Haba, Injiniya! Ko hamsin ba ki ba ni ba?"

Suka tuntsire da dariya. Irene tana karantowa, ita tana bugawa. Da aka zo jerawa, ta ja linzami a kan layi biyun har suka yi shuɗi. Akwati ya fito ko bai fito ba, sai da ta duba sau biyu.

Ranar Asabar Irene ta zo ta biyu a gasar. Babanta ya miƙe tsaye yana tafi. Amma akwai wadda tafinta ya fi nasa ƙarfi, kun san ko wace ce.

Yara, in malami yana bayani ku saurara, in kun gama aiki ku duba. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, kafin ya cuci wani.