Jirgin Ƙirgi a Tafkin Gari

"Wayyo Allah! Mi ke wari haka?"

Kyauta ta dire tulunta a bakin tafki, ta toshe hanci da gefen mayafi. Ruwan da duk unguwarsu ke sha ya yi kumfa, gashin shanu yana yawo a kansa. Can tsakiya kuwa ga Na'Allah, saurayin da ta jira har ya gama sojan Faransa, zaune cikin wani siririn jirgi na ƙirgi, wato fatar sa, kamar kumburarren mushe, yana kaɗa ruwa da filafili.

"Kyautata! Dubi, haka muke yi a teku!"



Tun dawowarsa Dakoro daga Aljeriya ba shi da zance sai na teku. Wai duk Lahadi shi da kapiten ɗinsu kowa kan shiga ɗan jirginsa, su bi gaɓa cikin ruwa mai ɗumi, ana hango kifi har ƙasa. Ba kamun kifi suke yi ba, ba fiton mutane ba, nishaɗi kawai. Mahaifinta, Elhaji Sallau, ya ce mutumin da zai wuni yana tuƙi ya komo hannu wofi ba zai riƙe masa ɗiya ba. Ita ce kullum ke kare shi, har da kuka.

Yau kam ba za ta kare shi ba.

Na'Allah ya iso gaɓa yana murmushi. Da ya ɗaga ƙafa, tsutsotsi suka biyo wandonsa.

"Kada ka matso ni!"

"Don ke na yi shi, masoyiya... na so ko sau ɗaya ki ji abin da na ji. Cikin ciyawar ruwan nan na ɓoye shi kwana da kwanaki, in ga ko zai yi yoyo."

"A ruwan shanmu? Da wanga ruwa na dama wa Umma hura jiya!"

Murmushin ya gushe. Sai a lokacin ya dubi kumfar, ya dubi matan da ke juyawa da tulunansu wayam suna tofar da yawu.

"Mijinyawa ya ba ni ƙirgin," ya ce a hankali. "Ya rantse jemamme ne."

Sai ga Mijinyawa ɗin, ɗan babban ɗan kasuwar hatsi, wanda Elhaji ya fi so ta aura. Yana tafe cikin farar riga da ƙamshin turare.

"Ranki ya daɗe, kin ga aikin sojanki? Kada ki damu. Taho gidanmu ki ɗiba, tun kahin ya sa abin nan a ruwa na sa aka cika mana randuna."

Kyauta ta tsaya cak.

"Tun kahin?"

Ta dubi Mijinyawa ido cikin ido.

"Ashe ka san ɗanye ne. Ka cika randunanku, ka bar jariran unguwa suna shan ruɓa, don dai a hana shi ni!"

Turaren nan ya fi mata mushen wari. Ta juya ta yi amai a gindin ƙaya.

Elhaji Sallau, da hayaniya ta fito da shi, ya ji komai. Ya dubi samarin biyu.

"To, ɗiyata. Ga wawa, ga mugu. Ni ƙyamarsu nike duka."

"Ni ma haka, Baba." Ta share bakinta. "Amma wautar ɗaya tana wankuwa."

Ta dubi Na'Allah, ba ko ɗigon murmushi.

"Ka hidda ƙazantarka ka binne ta nesa da gari. Daga yau kai za ka ja wa unguwar nan ruwa a rijiya, gida-gida, har tafki ya washe. Ran da Umma ta sha shi ba ta yamutsa huska ba, ka turo magabatanka."

"Kyauta..."

"Daga can! Wallahi har yanzu wari kake."

Rijiyar Dakoro zurfi gare ta, igiya ta ci tafin hannunsa har ya fashe. Aka ɗaura aure bayan kaka. Amarya da kanta ta shafa masa man shanu a hannu.