Auta da Ciyawar Baba

Akwai son kan da yake shiga gida da sunan ƙauna. Shi ne uba ya riƙe 'yarsa don hidimarsa, ya riƙa cewa tausayinta yake ji. Mai yin haka yakan ga sakamakonsa tun yana raye.

Wani dattijo ne da ya yi aikin ofis har ya yi ritaya. An taɓa tura shi wata ƙasa mai sanyi, ya ga ciyawa mai laushi kamar darduma, ya ƙullo irinta ya shuka a farfajiyar gidansa. To ƙasar gidan yashi ce, ka zuba bokiti kafin ka juya ta shanye, ga rana mai dukan tsakiyar kai. In ba a ba ciyawar ruwa safe da yamma ba sai ta kwanta ta yi ja. Matarsa ta yi ta ɗawainiya da ita har Allah ya karɓi abinsa. Yayye suka yi aure suka watse, aikin ya faɗo kan Auta.

Famfon gidan ɗiga kawai yake yi, don haka daga rijiyar bayan gida take jan ruwa. In ta gama sai ta durƙusa ta ciccire kiri-kiri, ciyawar nan mai yaɗo da take tsirowa ko ba a kira ta ba. Baba ya tsane ta, yana ce mata ciyawar bakin kwata. Auta kuwa ta lura duk inda ta watsar da ita a juji sai ta kama, ta yi shar ba ruwa ba taki.

Ranar da bututun gidan ya fashe aka kira wani saurayi mai gyaran famfo. Yana tsugune yana ɗaure bututu, yana kallon Auta tana kai da kawo da bokiti, tafin hannunta duk kanta. Ya tambaye ta ko ciyawar nan 'yar'uwarta ce.

Ta ce, “Yayata ce. Sai ta sha ta ƙoshi nake sha.”

Ya yi dariya har sifana ta faɗi daga hannunsa. Gyaran da bai kai komai ba sai da ya yi ta dawowa duba shi. Ya sa mata suna Raɓa, wai don kullum da sassafe a kan ciyawa ake samunta. Ita kuma ta riƙa tsokanarsa da Injiniya.

Wata safiya ya rubuto mata: “Raɓata, gidanmu ƙarami ne, amma famfonsa da ƙarfi, ni na haɗa shi. Ki zo ki huta da guga.”

Ta mayar: “Injiniya, da ruwan famfo ake neman aure yanzu? To na ji. Ka turo manyanka.”

Manya suka zo, Baba ya karɓe su a tsaye. Ya ce sana'ar yaron ba ta da tabbas, kuma Auta ba ta gama warwarewa daga rashin uwarta ba. Bai faɗi cewa gidan yaron can ƙarshen gari yake ba, kuma in ta tafi babu mai jan guga. Auta ta san wannan ne dalilin, ta haɗiye.

Ana haka wani direban tankar ruwa ya nuna yana so. Nan take fuskar Baba ta washe, don mutumin ya yi alkawarin zama a ɗakunan baya, ga ruwa kyauta. Auta ta ce ba ta so. Baba bai tilasta mata ba, ya dai daina amsa gaisuwarta. Injiniya kuwa ya zo wucewa ya ga tanka a ƙofar gida, direban yana zaune da Baba ana hira kamar suruki da suruki. Ya juya, ya kashe wayarsa. Saƙonninta suka yi ta tafiya ba amsa.

Da direban ya ga ba haske, sai ya ɗauke ƙafa da tankarsa, daidai lokacin da zafi ya kai maƙura. Rijiya ta yi ƙasa, igiya ta ƙara tsawo. Wata yamma Auta ta jawo guga, santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, bayanta ya bugu da dutse. Maƙwabta ne suka kai ta asibiti.

Gwaggonta, ƙanwar Baba, ita ta zauna jinya. Da Baba ya zo dubiya, Auta ta yunƙura don ta ga ko yau zai yi mata magana. Ya kuwa yi.

“Likita ya ce yaushe za ki tashi? Gefen katanga ya fara ja.”

Auta ta juya fuskarta bango. Gwaggo ta bi shi har baranda, ta ce, “Yaya, ciyawar nan ta cinye matarka, yanzu ta kama 'yarka. Wallahi ba da ni ba.”

Ita ce ta karɓi wayar Auta ta nemo Injiniya ta hannun mai shagon da yake sayen kayan aiki. Ya iso da kayan aiki a jikinsa, ya durƙusa gefen gado ya kasa ɗaga kai. Ya ce shi ya ga tanka, ya ɗauka an gama magana.

Auta ta ce, “Ka ga tanka, amma ka gan ni a ciki?”

Ya ce, “Ki yafe mini, Raɓa. Ba zan sake yanke hukunci daga bakin titi ba.”

Gwaggo ta tara 'yan'uwa. Baffa, wan Baba, ya ce shi ne babba kuma shi zai ba da auren Auta. Baba ya ce su yi abin da suka ga dama, ba zai halarta ba. Bayan Auta ta fara takawa aka ɗaura aure, dangi suka sa albarka, Gwaggo ta yi ta addu'a Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai jinƙai, kowa ya ce amin.

Abin da Auta ta ɗauka daga farfajiyar gidansu shi ne damin kiri-kiri daga juji. Ta daddasa a ɗan filin gaban ɗakinta, ta yayyafa ruwan wanke-wanke, kafin damina ta ƙare ciyawar ta rufe ƙasa. Har yau in hadari ya haɗu bayanta yana yi mata ciwo, mijinta ne mai ɗaukar duk wani abu mai nauyi.

Baba kuwa ciyawarsa ta ƙone tun Auta tana asibiti, ba ta sake tsirowa ba. Ya rasa ciyawa, ya rasa mai ba ta ruwa. Ya rasa girman aurar da autarsa da bakinsa, ƙanwarsa ta daina taka gidan. Auta tana zuwa gaishe shi, don ita ba ta yanke zumunci ba, amma a bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe shi ta koma. Farfajiyar ta koma yashi, sai kiri-kiri da ta fara shigowa ta gefen katanga, kuma babu mai cire ta.