Dutsen Da Ba Zai Ci Sunanta Ba

Ko ƙanƙarar da ke kan rigarta Chizuru ba ta kaɗe ba ta faɗa shagon saurayinta Noboru.

"Da gaske ne abin da Reiko ta faɗa?"

Noboru ya ajiye tabaron da yake gyarawa. "Chizu, zauna tukuna..."

"Ba zama ya kawo ni ba."

Reiko dai ita ce sakatariyar ƙungiyar masu duban taurari ta garinsu, kuma duk tsibirin Hokkaido babu wanda bai san ta ƙyalla ido a kan Noboru ba, sai shi gogan. Ɗazu a kasuwa ta tare Chizuru da murmushin nan nata mai sanyi, ta ce an tabbatar da hanyar dutsen nan na sararin sama, saura suna. "Amma fa ba naki ba ne, ƙawata. Da bakinsa ya ce har abada dutsen ba zai ci sunanki ba."

Shekara da shekaru Chizuru tana jiran wannan rana. Tun ranar da ɗan ɗigon ya bayyana a hotunan da Noboru ya ɗauka, dutse ɗaya cikin garken duwatsun da ke kewaya rana can bayan duniyar Mas, aka ce sai an yi ta bibiyarsa har a san hanyarsa kafin a raɗa masa suna. Noboru ya ce ranar sunan zai je gaban babanta neman aurenta. Shi kuwa Baba Iwao, manomin albasa, kullum maganarsa ɗaya ce, wai sama ba ta taɓa ba shi ko albasa ɗaya ba, don haka ba zai ba mai kallonta 'ya ba.

"Na yi faɗa da Baba a kanka. Na kori kowa." Muryarta ta karye. "Sunan wa za ka sa?"

"Ba ni da ikon sa kowa."

"Kada ka raina min hankali, Noboru."

"Masoyiyata, ranar nan wa ya ga ɗigon?"

Ta tuna ta kai masa abincin rana, ta leƙa hotuna biyu da ya jera, ta ce wannan ɗin kamar ya matsa.

"Na duba su sau ba adadi ban gan shi ba," ya ce a hankali. "Ke kika gano shi, haka kuma na shaida wa hukumar taurari. Wanda ya gano dutse shi ke raɗa masa suna, amma a ƙa'ida ba ya sa nasa."

"Tun kana yaro kake neman guda ɗaya..."

"Ai na samu wadda ta gan shi."

Kuka ya ƙwace mata. Ta kai masa duka a ƙirji. "Shi ne ba za ka faɗa min ba? Mugu kawai."

"So na yi ki ji a ranar sunan."

"To, kai ma ba zai ci sunanka ba. Ɗauko rigarka."

A rumbun albasa suka tarar da Baba Iwao yana ɗaure buhu. Ko kallon Noboru bai yi ba.

"Baba," ta ce, "akwai wani dutse a sama, ni na gano shi. Iwao zan sa masa, kuma in an sa ba a canzawa."

Hannun tsohon ya tsaya a kan igiya. Ya ɗago ya dubi Noboru.

"Ana ganinsa daga gonar nan?"

Noboru ya rusuna. "Da madubina na hangen nesa ana gani, Baba."

Tsohon ya ja hanci, ya ce albasar bana yaji gare ta.

"To, ka zo da madubin naka," ya ce, yana juya musu baya. "Ka taho da iyayenka su ma su gani."