Talatar Smaranda

Ƙarfe tara na safiyar Alhamis aka kawo wa Insifekta Dobrin rahoto: an sace goge a gidan wata tsohuwa, Smaranda Oprean, a bayan kasuwar garin Sibiu. Na marigayi mijinta ne, wanda ya shekara arba'in yana kaɗa shi a gidajen biki.

A bakin ƙofa ya tarar da Călin, ɗan ƙanen tsohuwar, mutum mai tsabta da sanyin murya.

"Yallaɓai, kada ka wahalar da kanka," in ji Călin ƙasa-ƙasa. "Tun da Goggo ta yi shanyewar ɓarin jiki bara, ba ta riƙe komai. Ko mai aikinta ta ɗauke, ko ita ta kyautar ta manta. Ka dai rubuta halin da ka same ta, mu kai ta gidan tsofaffi kafin ta cinna wa kanta wuta."

"Yaushe rabonka da gidan nan?"

"Tun Lahadi."

A kicin, Lenuța mai aiki tana share hawaye da bakin zane. Shekara shida tana aiki a gidan, ta ce, ko cokali ba ta taɓa ɗauka ba. Smaranda na zaune kusa da murhu. Ta ƙare wa insifektan kallo.

"Kai ne ka zo da aka sace keken maƙwabcina. Lokacin kana da gashin baki. Gara da ka aske."

Dobrin ya shafa leɓensa. Shekara tara ke nan da maganar keken. Ya jawo kujera ya zauna.

"Iya, an ce kina mantuwa."

"Na yi, ɗana. Da na tashi daga ciwon, sunan mijina ma sai da na yi ta lalube. Na tsorata. Shi ne na nemo dabara. Kullum da la'asar nakan ɗauko abubuwan da suka faru tun safe, in ɗora kowanne a kan wani abu a kicin ɗin nan, in faɗa da bakina. Washegari in bi in tattara."

"Yaushe kika ga gogen na ƙarshe?"

"Litinin, a saman kabad ɗin ɗakina."

"To, tattaro mini Talata."

Ta lumshe ido. "A kan murhu, Lenuța ce, kumatu a kumbure, ta tafi wurin likitan haƙori ƙarfe goma. A kan tebur, Călin ne, ƙarfe sha ɗaya, yana cin burodi da zuma. A bakin taga, atishawarsa uku da ya fito daga ɗakina. Kuma babu ƙura a gidan nan sai a saman kabad. A jikin ƙofa, yana waya: 'Ƙarfe biyu, Malam Iosif.' Ya naɗe doguwar rigar sanyi a hammata, ana wannan zafi."

"Kin faɗa masa haka?"

"Jiya. Ya ce Lahadi nake nufi, na rikice ne. Har na fara yarda da shi."

Iosif ne kaɗai ke gyaran kayan kiɗa a garin. Dobrin ya same shi a shagonsa yana ɗaure tsirkiya.

"Ban sayi goge ba a watan nan," in ji Iosif, idonsa a kan aikinsa.

"Gogen da nake nema, mai shi ta ce yana da tabon ƙunar taba a wuya. In na ɗaga labulen can na gan shi, tare za mu tafi caji ofis."

Iosif ya ajiye abin da ke hannunsa, ya shiga bayan labule, ya fito rungume da gogen.

"Ya ce gadonsa ne, Yallaɓai. Talata ya kawo, ƙarfe biyu."

Kafin azahar Dobrin ya koma gidan, ya ɗora gogen a kan tebur a gaban Călin.

"Tun Lahadi, ko?"

Călin ya zauna, ya dafe kai.

"Shekara goma yana saman kabad, ba mai taɓawa. Gidan ma ya yi mata girma. Na ɗauka ba za ta tuna ba."

"Kuma ka so a kulle Lenuța a kan laifinka."

Kurtun da ya rako Dobrin ya sa wa Călin ankwa, ya tasa shi gaba zuwa mota.

Smaranda ba ta ko dubi gogen ba tukuna. Ta riƙo hannun rigar insifektan.

"Talata ce, ko?"

"Talata ce, Iya. Har atishawar."

Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta jingina da kujera. Sannan ta juya wurin Lenuța.

"Ke kuma kukan ya isa haka. Ɗora ruwa, baƙonmu bai sha komai ba."