Hular Haƙorin Aku

Ranar da likitar haƙoran ta fara ganinsa, faɗa ta wanke shi da shi tun kafin ta san ko shi wane ne.

Ya shigo ɗakin duba haƙoran yara riƙe da hannun wata yarinya da ta dafe kumatu, garin fulawa a gefen rigarsa, ƙamshin kek na biye da shi. Aku ake ce wa yarinyar saboda surutu, amma ciwo ya ɗinke mata baki. Likitar ta lallaɓa ta ta hau kujera, ta jawo fitila, ta leƙa da ɗan madubi. Haƙorin tauna na can ciki ya yi kogo, saura ɓawo kawai. Ta tambayi uban me yarinyar take ci, ya sosa ƙeya ya ce shagon kek da alewa gare shi.

"To, Mai Sukari, sannu da ƙoƙari," in ji ta. "Ka sayar wa mutane, ragowar ka juye a bakin 'yarka. Ina mamanta? Da ita zan yi magana."

"Ta rasu," ya ce a hankali. "Idan ta fara kukan mamanta, ban san abin da zan miƙa mata ba sai alewa."

Kunya ta rufe Likitar kamar ta nutse. Ta ba shi haƙuri, sannan ta yi masa bayani da murya mai laushi: za ta kwashe ruɓar, ta sa wa haƙorin 'yar hular ƙarfe mai launin azurfa, wadda za ta lulluɓe shi har lokacin famfara.

Ranar sa hular, da mahaifiyarsa suka zo. Kaka mace ce da ba ta ɓoye abin da ke ranta ko a gaban wa. Ta ce haƙorin da gobe zai faɗi, mene ne na wahalar da yarinya, a cire shi kowa ya huta. Likitar ta ce ba za ta cire ba. Idan ya fita tun lokacinsa bai yi ba, na gefe za su matso su cinye wurin, sabon ya fito a karkace. Hular ce za ta riƙe wa na dindindin gurbinsa.

"Riƙon gurbi," in ji Kaka, tana jinjina kai. Ta adana kalmar a ranta.

Da yamma saƙo ya shigo wayar Likitar:

"Aku ta ci abinci har da neman ƙari, kuma tun ɗazu ba ta bar kunnena ya huta ba. Na gode, ko da yake kin dawo min da rediyo. Mai Sukari."

Ta mayar masa: "Ka ɓoye kwalbar alewa, a goge baki safe da dare. Zan gane idan ka yi min ha'inci."

Daga batun buroshi hira ta zarce inda ba buroshi. Ya koma kawo Aku duba haƙori ko babu abin da ya same ta, har ma'aikatan asibitin suka fara gyaran murya idan sun hango shi. Ya ƙirƙiro wani kek marar zaƙi ya kawo mata, ta ɗanɗana ta ce a gaskiya katifa ta fi shi daɗi. Ya yi dariya har da dafe bango. A ranar ta san ta kamu, kuma ba ta yi wa zuciyarta musu ba.

"Likitata," ya rubuto mata, "kin hana ni sukari, sai kika zame min shi. Ki ba ni izini in turo manya."

"Mai Sukarina, ka fara da Mamanka tukuna," ta amsa.

Nan aka samu cikas. Ashe Kaka ta daɗe da tsara abinta: ƙanwar marigayiya tana dab da gama karatu, ita ce jinin Aku, ita za ta shiga ɗakin yayarta. Likitar ta ji labari, duk da haka ta shirya ta je gaisuwa. Ta tarar da ƙanwar marigayiyar a falo, ta zaunar da Aku a cinya tana gyara mata gashi, tana ta lissafa abubuwan da za ta sauya a gidan idan ta tare.

Kaka ta amsa gaisuwa da fara'a, sannan ta ce, "'Yar nan, mun gode da ɗawainiya. Ai ke ma kamar hular nan taki ce. Kin riƙe mana gurbi, ga mai wurin nan ta iso."

Likitar ta dubi Mai Sukari. Kansa na ƙasa, bai ce uffan ba. Maganar Kaka ta yi mata zafi, amma shirunsa ne ya ƙona ta. Ta yi sallama ta fita, sai da ta kai bakin titi ta bar hawayen suka zubo.

Ta daina ɗaga wayarsa. Aiki ta sa a gaba, tana sa wa yaran mutane huluna tana yi musu wasa, zuciyarta kuwa a dagule. Sai ga dogon saƙo:

"Shirun da na yi ba amincewa ba ne. Ban iya mayar wa Mama magana a gaban mutane ba. Kina fita na durƙusa na faɗa mata ke nake so, na kuma faɗa wa ƙanwar marigayiya cewa ƙanwata ce har abada, ba fiye da haka ba. Idan ba ke ba, zan zauna haka. Aku ta ƙi goge baki, wai sai kin dawo."

Ta karanta, ta sake karantawa, ta share fuska. Ba ta cikin matan da ake kora da magana ɗaya.

"Ka gaya wa Aku ta ɗauki buroshinta," ta rubuta. "Mama kuma ka bar min ita. Rabin bayani ta ji."

Washegari ta koma gidan ita kaɗai, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafun Kaka.

"Mama, ban zo jayayya ba. Gurbin mamar Aku nata ne, ba ni ba wata, babu mai cike shi. Amma ranar nan ban ƙarasa miki bayanin hular ba. Ba a cire ta idan sabo ya zo. Tun da aka manna ta a haƙorin da ya ji ciwo, ba ta rabuwa da shi. Ranar da zai faɗi, tare suke faɗuwa. Idan haka kike nufi, na yarda ni hula ce."

Kaka ta dube ta, ta ce mata ta gaida gida. Likitar ta tashi ba ta san ko ta ci ko ta faɗi ba. Duk da haka ba ta fasa zuwa gaisuwa ba, kuma Kaka ba ta fasa amsawa a daƙile ba. Haka watanni suka yi ta tafiya.

Wata safiya Likitar tana wanke hannu a asibiti aka ce tana da baƙuwa. Kaka ce da kanta, Aku na biye da ita tana wangale baki ga duk wanda ya kalle ta. Tsohuwar ta kwance bakin mayafinta, ta ajiye wani ɗan abu mai ƙyalli a kan tebur. Haƙorin ne ya faɗi, hularsa na manne da shi.

"Na sa farce, na sa allura, har bakin cokali na gwada," in ji Kaka. "Ya ƙi rabuwa. Leƙa ki ga sabon, tsaf yake fitowa." Ta gyara zama, ta ɗan kau da kai. "Ki faɗa wa iyayenki muna nan tafe."

Ranar ɗaurin aure ango da kansa ya haɗa kek ɗin biki, amarya kuwa ta kafa sharaɗi: kowane yaro yanka ɗaya, kuma a kuskure baki. Ƙanwar marigayiya ce ta rabar, tana yi tana tsokanar ango. Da aka kawo amarya gaban Kaka, ta kamo hannunta ta haɗa da na ɗanta, ta danna ɗan haƙorin nan a tsakanin tafukansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari," ta ce. "Allah ya manne ku kamar wannan, kada ya raba ku sai tsufa."

Kowa ya ce amin. Aku ta fi kowa ɗaga murya, sannan ta ja rigar amarya ta tambaya ko yau kaɗai za a bar ta ta ci yanka biyu.