Irin Alkamar Kaka Hajjo

A zamanin da fatake ke ratsa dajin Birnin Gwari da jakuna, an yi wani yaro mai saurin fushi. Abu kaɗan sai ya kumbura kamar kwaɗo.

Kakarsa Hajjo tana da irin alkama a ɗan tulu. Shi kaɗai ya rage musu. In ya lalace, babu wani.

Da damina ta wuce, mahaifinsa Jumare ya kai shi fadama. Ya ce, "Kwashe karan dawar nan kaf, ka tara a gefe. Gobe za mu shuka alkama."

Abokan yaron kuwa sun tafi daji cin kanya. Ransa ya ɓaci.

"Kullum ni! Ni jaki ne?" ya ce, bayan Baba ya tafi.

Sai ya sassare karan, ya binne shi cikin fangali, inda za a shuka alkamar, ya baje ƙasa a kai. Wai shi mai wayo.

Aka shuka alkama, aka yi ta ban ruwa. Gonar maƙwabta ta yi kore shar. Tasu kuwa sai ɗan tsiro nan da can, duk ya yi rawaya.

Baba ya tona ƙasa da hannu. Wari ya taso. Ga baƙin kara, ga iri ya ruɓe.

"Wa ya binne wannan?" in ji Baba.

"Ni ne, Baba. Ai kai ka ce ruɓaɓɓen kara taki ne!"

"Har kana da bakin magana? Wanda ya gama ruɓewa shi ne taki. Wanda yake kan ruɓewa kashe iri yake yi. Ka kashe irin kakarka saboda kanya!"

A gida Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta leƙa tulun kawai, ba komai ciki. Yaron ya fashe da kuka.

"Kaka, ki yafe mini."

Ta kwance bakin zanenta. Ashe ta rage iri cikin tafi ɗaya.

"Ungo. Kai za ka shuka shi, ba wani ba."

Yaron ya tsince karan fangali guda tas. Ya zuba tsohon taki, ya shuka. Alkama ta fito kore shar.

Ranar girbi, shi da kansa ya zuba sabon iri a tulun Kaka. Tun daga nan ya gane cewa aikin da aka yi cikin fushi ɓarna yake jawowa.