Anti ta Kowa ce, Gwaggo Tawa ce

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Kullum in an tashi daga makaranta, sai ta biya shagon ɗinkin gwaggonta, ƙanwar babanta.

Tun daga bakin ƙofa take ƙwala kira, "Gwaggo!"

Gwaggo takan ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki ta ce, "Na'am, 'yar gidana." Sai yarinyar ta wuce har ciki, ta yi ta zuba mata labarin aji kamar an kunna rediyo.

Ran nan wata ƙawarta ta raka ta. Da suka fito, ƙawar ta tuntsire da dariya.

"Wai Gwaggo! Ai tsofaffi ake ce wa haka. Mu Anti muke cewa."

Kunya ta kama yarinyar. Sunan da take faɗa tun tana rarrafe ya yi mata nauyi a baki.

Kashegari ƙusar tebur ta yaga mata aljihun riga. Suka tafi shagon tare da ƙawar. Yarinyar ta gyara murya ta ce, "Sannu da aiki, Anti."

Keken ya tsaya cak. Gwaggo ta dube ta, ta dubi ƙawar.

"Anti? To, sannu da zuwa. Me aka kawo?"

"Aljihuna ne ya yage."

"To, zauna a benci. Akwai mutum uku a gabanki."

Yarinyar ta zauna. Ba ta taɓa sanin bencin nan yana da tauri haka ba. Wata mata ta ce, "Anti, kin gama mini?" Wata ta ce, "Anti, hannun ya matse ni." Har mai kawo yadi, da furfurarsa, cewa ya yi, "Anti, ga kayanki." Gwaggo tana amsa wa kowa da fara'a iri ɗaya.

Da layi ya zo kanta, Gwaggo ta ɗinke aljihun tsaf. Ta ce, "Shi ke nan. A gaida gida."

Ba tsawa, ba harara. Da ma faɗa ta yi mata, da ya fi sauƙi. Yarinyar ta tafi gida ranta a jagule.

Ta tarar da babanta yana gyaran fanka a tsakar gida. Ta tsuguna kusa da shi.

"Baba, me ake nufi da gwaggo?"

"'Yar'uwar uba, ko yayarsa ko ƙanwarsa. Me ya faru?"

Ta faɗa masa komai. Baba ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Sunan nan ba ruwansa da tsufa," in ji shi. "Ranar da aka haife ki, ita ma 'yar makaranta ce. Da jakarta a baya ta zo asibiti. Ta yi ta tsalle tana cewa, 'Na zama gwaggo!' har sai da aka ce ta rage murya. Da kika fara magana, 'Gaggo' kike cewa. Ta fi wata guda tana koya miki."

"To cewa Anti laifi ne?"

"A'a, girmamawa ce. Amma kowa yana iya ce mata haka. Ke ƙirga mini, mutum nawa ne suke ce mata gwaggo?"

Yarinyar ta ɗaga yatsa ɗaya. Ta yi tunani, ta yi tunani, ba ta sami na biyu ba.

"Ni kaɗai ce. Ƙanena bai fara magana ba."

"To kin gani. In kin daina, wa ya rage?"

Idanunta suka ciko da ƙwalla. Sai yanzu ta gane ba fushi Gwaggo ta yi ba. Zafi ta ji.

Kashegari ta ja hannun ƙawarta har shagon. Shagon cike yake da mutane. Ta tsaya a tsakiya ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri."

Gwaggo ta kai hannu bayan kunne, kamar ba ta ji ba. "Me kika ce? Ƙarar keke ta hana ni ji."

Keken kuwa a tsaye yake.

"Gwaggo!" in ji yarinyar da ƙarfi.

Matan benci suka fashe da dariya. Gwaggo ta jawo ta, ta rungume ta.

"Na'am, na'am! Ja'ira, kin san jiya ɗinki biyu na ɓata saboda ke?"

Ƙawar ta sunkuyar da kai. Can ta ce a hankali, "Ni babana ba shi da 'yar'uwa."

"To ki ari gwaggo a wurin ƙawarki," in ji Gwaggo. "Amma sai ta yarda."

Yarinyar ta yi dariya ta ce ta yarda. Tun daga ranar ta koyi darasi: kada dariyar wani ta sa ka ji kunyar sunan da kake kiran naka da shi. Sunan ƙauna ba ya tsufa.